Wasiƙar Akawu: Ranar Da Na Kai Babur Filin Tsere

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, ko da ya ke yau zan ɗan ƙetare iyaka, don maganar tana da tsawo.

Wani malamin makaranta ya rubuto mini takarda, ya ce ya ji labari wai a nan Ingila mutum ya kan biya kuɗi a buɗe masa filin tsere, ya yini yana sheƙa gudu da babur, ba ɗan sanda, ba alƙali. Ya ce shin gaskiya ne, ko kuwa irin zancen nan ne na matafiya? Ya kuma ce abin da ya sa ya ke tambaya, ƙanensa ya sayi babur, ya hana unguwa barci, kullum maganarsa ke nan shi da a Turai ya ke da ya zama gwanin tsere. To, Malam, gaskiya ne, gani ya kori ji. Ni da kaina na je, na hau, na kuma faɗi. Tun daga ran nan ban taɓa ba da labarin a fili ba saboda kunya, amma tun da ya ke akwai ran yaro a cikin maganar, yau zan faɗa duka, ka karanta masa.

Ni dai akawu ne, aikina lissafi da ajiye takardu a wani ofis a Landan. Tun ina gida na ke hawan babur, na yi shekaru ina zuwa aiki a kansa, ina ratsa kasuwa da tasha ba wanda ya taɓa ganin na kai ƙasa. Da na zo nan na sake cin jarrabawar tuƙi ta ƙasar, na sayi wani tsohon Suzuki SV650, mai inji 645. Saboda haka a raina ina ganin ba abin da ya rage mini a sha'anin babur. Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da a ke yi shi ne, ranakun da ba a gasa, masu filin su kan buɗe shi ga kowa da kowa, muddin yana da cikakken lasisi da kayan kāre jiki. Turawa suna da sunan da su ke kiran wannan rana, ni kuwa na raɗa mata ranar kilisa, gama bambancinta da tsere kamar bambancin kilisa da sukuwa ne. Ba na ɗaya, ba na biyu, ba kyauta, har ma an hana mutum ya sa agogo ya auna lokacinsa. A watan Yuni na 2023 na biya kuɗina. Uwargida ta yi kwana uku ba ta ce kome ba, ran na huɗu ta ce, “Maigida, mutum mai 'ya'ya biyu ya biya kuɗi don a ba shi wurin karyewa?” Na yi mata alkawari ba zan bi kowa ba, ba zan yi gasa da kowa ba. Ku riƙe wannan alkawari, za mu komo kansa.

Sunan filin Brands Hatch, yana cikin lardin Kent, kamar mil 20 kudu maso gabas da Landan. Asalinsa gona ce a cikin wani kwari mai kama da ƙwarya, inda mutum zai tsaya a baki ya hangi kusan kome. Masu kekuna su ka fara tsere a nan a 1926, bisa ciyawa, sa'an nan masu babura su ka biyo baya. Sai a 1950 a ka zuba kwalta. A 1960 a ka ƙara wata doguwar hanya da ta shiga daji ta komo, daga 1964 kuwa zuwa 1986 babbar gasar motoci ta Ingila ta sha sauka a nan. Doguwar hanyar mil 2.4 ce, gajerar kuwa, wadda mu ka bi, mil 1.2, watau kusan kilomita 2. Gwanayen babur su kan zagaye ta ba su cika daƙiƙa 50 ba.

Na isa ƙarfe bakwai da rabi na safe. Abu na fari, a ka duba lasisina, a ka miƙo mini takarda in sa hannu. Ni da sa hannu a takarda ya zama mini kamar shan ruwa, ran nan sai da alƙalami ya yi mini nauyi. Takardar ta ce na san wannan wasa yana da haɗari, na kuwa shiga da yardar kaina. A ƙasa akwai wurin rubuta sunan wanda za a kira in wani abu ya faru. Na rubuta sunan uwargida, na tsaya ina kallonsa. Wani dattijo da ke bayana ya tuna mini kuma cewa inshorar da mu ke biya ta titi ba ta shiga filin tsere, in ka fasa babur ɗinka, kai da aljihunka.

Daga nan sai awon ƙara. Da ya ke akwai gidajen mutane kusa da filin, an ƙayyade iyakar ƙarar da a ke yarda da ita. Wani ma'aikaci ya riƙe na'ura kamar rabin mita daga bakin salansa, ya ce in murɗa totur, ya duba, ya manna mini takarda a gaban babur. Na ga wani saurayi da a ka mayar, sai da ya cusa abin rage ƙara a salansarsa kana a ka yarda da shi. Na tuna samarinmu da ke fasa salansa da gangan, na yi murmushi.

Tufafin kuwa ba a sassauci a kansu. Riga da wando na fata, ko dai a ɗinke su ɗaya, ko kuwa a haɗe da zik kewaye da ƙugu. Hular kwano mai rufe har haɓa. Safar hannu ta fata mai wuce wuyan hannu, da takalma masu rufe idon sawu har ƙwauri, da wani faranti da a ke sawa a gadon baya don ƙashin baya. Mutum in ya gama shiri sai ka ce barde ya sha lifidi. Dattijon nan ya taimake ni mu ka rufe madubai da fitilu da salatif. Na ce, “Baba, yaya zan ga na bayana?” Ya ce, “Yaro, na bayanka ba ruwanka da shi. Shi ke ganinka, shi ke da nauyin wuce ka lafiya. Kai dai riƙe hanyarka, kada ka yi ta kaikawo.” Sa'an nan ya rage mini iskar taya, daga 33 a gaba da 36 a baya zuwa wajen 30 duka, ya ce gudu yana ɗumama taya, iskar ciki ta kumbura, in an bar ta yadda ta ke sai tayar ta yi tauri ta rage kama kwalta.

Ƙarfe takwas da rabi a ka tara mu duka a wani ɗaki, wanda bai halarci wannan taro ba ba shi hawa. A ka raba mu kashi uku: 'yan koyo, da na tsakiya, da gwanaye. Kowane kashi minti 20 ya ke yi a fili, ya fito ya huta minti 40, haka har yamma. A ka karanta mana tutoci. Rawaya, akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba wuce wani. Ja, an tsai da wasa, kowa ya komo a hankali. Mai ratsin rawaya da ja, akwai santsi, ko mai ko ruwa. Baƙa, kai a ke kira, ka fito a yi maka magana. Mai zanen dara baƙi da fari, lokaci ya cika. Shugaban taron ya ce wanda zai bar fili ya ɗaga hannu tun da nisa, wanda kuma ya ga ɗan'uwansa ya faɗi kada ya tsaya taimako, akwai waɗanda aikinsu ke nan. Wannan ta yi mini nauyi, don a wurinmu wuce wanda ya faɗi abin kunya ne, amma da na yi tunani na gane, mai tsayawa a tsakiyar masu gudu gawa ta biyu ya ke nema.

Da fari mu ka yi zagaye uku a jere bayan malamin tuƙi, kamar 'yan agwagwa, don mu san hanya. Bari in kwatanta muku ita. Daga miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaban rumfuna, wadda a ke kira Brabham, sai ka iso wata kwana ta dama mai suna Paddock Hill. Ita ce abin tsoron filin, gama ba ka ganin inda ta nufa sai ka shiga, kana shiga kuwa ƙasa ta gudu daga ƙarƙashinka, ka gangara kamar an tura ka rijiya. A gindin gangaren sai nauyinka ya danne ka bisa tanki, kana ka hau tudun Hailwood zuwa Druids, kwana ce mai lanƙwasa kamar lauje, tana juyo da kai inda ka fito. Ka sake gangarowa zuwa Graham Hill ta hagu, ka miƙe kaɗan, ka karya hagu a Surtees, sa'an nan dama, dama, dama, ta McLaren da Clearways da Clark, har ka komo inda ka fara.

Waɗannan sunaye ba na ado ba ne, yawancinsu na mutane ne. John Surtees shi kaɗai ne ya taɓa zama zakaran duniya a babur da mota duka: babban ajin babura a 1956 da 1958 da 1959 da 1960, na mota a 1964. Jim Clark ya mutu cikin tsere a Jamus a 1968. Bruce McLaren ya mutu yana gwajin mota a 1970. Ɗan Surtees kansa, yaro mai shekara 18, a wannan fili ya rasu a 2009, sa'ad da tayar wata mota ta tsinke ta same shi a ka. Na faɗi wannan don kada ƙanen Malam ya zaci filin tsere ɗakin uwarsa ne.

Da a ka sake mu mu kaɗai, jama'a, na ga ta kaina. Ina isa Paddock sai hannuwana su ƙage, in danne birki tun da sauran nisa, in rarrafa kwanar kamar mai ɗauke da ƙwai. Babura suna wuce ni dama da hagu. Abin da ya fi ci mini rai, wata mata mai furfura, a kan wani ɗan babur da bai kai nawa ƙarfi ba, ta wuce ni sau biyu cikin minti 20 ɗin nan, ba ta ko yi alamar wahala ba. A miƙaƙƙiyar hanya in buɗe wuta in kusa kama ta, da mun iso kwana sai ta ɓace. Na fito gumi ya jiƙa ni sharkaf, hannuwana suna rawa, ban iya ko kwance hular kwano ba sai da na zauna.

Na haɗiye girman kai na je wurin malamin tuƙi, gama akwai su a wurin, ba a biyan kome don a tambaye su. Ya bi bayana zagaye uku, ya wuce gaba ya bubbuga bayan babur ɗinsa, watau in bi sawunsa. Da mu ka fito ya ce, “Abokina, laifinka uku ne. Na ɗaya, kana kallon gaban tayarka. Babur inda ido ya je nan ya ke zuwa. Ka dubi inda ka ke so ka fita, kada ka dubi abin da ka ke tsoro. Na biyu, ka shaƙe kan babur kamar ka kama ɓarawo. Matse tanki da gwiwoyinka, ka saki hannu. Na uku, kana karya kwana da wuri don tsoro, shi ya sa ta ke ƙare maka a waje.”

Ya nuna mini wasu robobi masu kama da mazurari a kife, da a ka ajiye a bakin kowace kwana: ɗaya inda za a fara karyawa, ɗaya a cibiyar kwana inda za a matso gefen ciki, ɗaya inda za a fita. Ya ce a gama birki da sauke giya tun babur yana tsaye sosai, birkin gaba kuwa shi ke yin mafi yawan aikin, a matsa shi sannu sannu kamar mai matse lemo, kada a fizge shi. Sa'an nan ya gaya mini wani abu da na yi shekara goma sha biyar ina yi ban san ina yi ba. In babur yana gudu, ka na so ka bi dama, hannun dama za ka tura gaba kaɗan, sai babur ya kwanta dama da kansa. Na ce wannan ai baibai ne. Ya ce in gwada. Na gwada, wallahi haka ne.

Ku da ku ke malamai da akawuna, ga ɗan lissafi. Mai gudun mil 60 a awa yana cin ƙafa 88 kowace daƙiƙa. Mai gudun mil 100 yana cin kusan ƙafa 147. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin birki ya tsai da kai ninki huɗu ne. Abin da ke haɗa babur da ƙasa kuwa, a kowace taya, bai wuce tafin hannu ba. Wannan ɗan wuri shi ke ɗaukar birki, shi ke ɗaukar kwana, in ka cinye shi duka da ɗaya, ba abin da ya rage wa ɗayan. Shi ya sa mai damƙe birki a tsakiyar kwana ya kan ga kansa a ƙasa bai san yadda a ka yi ba. Taya mai sanyi kuma ba ta kamawa, don haka a ke bin zagaye biyu na fari a hankali.

Kafin azahar abin ya fara shiga jikina. Na ɗaga kai, na saki hannu, sai ga Paddock ta buɗe kamar an faɗaɗa ta da dare. Ba zan ɓoye muku ba, akwai daɗi a cikin abin nan wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ba mota mai zuwa daga gaba, ba rami, ba akuya, ba yaro mai tsallaka hanya. Babur ya kwanta, kwalta tana gudu kusa da gwiwarka, injin yana kuka daidai, zuciyarka ba ta tuna bashi ko aikin ofis. Sau ɗaya na saci kallon agogon gudu a hanyar Brabham na ga ya haura mil 100, a ƙasar da iyakar gudun babbar hanya mil 70 ne. A hawa na huɗu matar nan mai furfura sau ɗaya tak ta wuce ni, da mu ka fito ta ɗaga mini babban yatsa.

To, a nan ne Shaiɗan ya sami ƙofa. A hawa na biyar, wajen ƙarfe uku, ga gajiya ga cikar ciki, wani saurayi a kan jan babur ya wuce ni a gangaren Paddock, kusa ƙwarai har na ji iskarsa. Bai yi laifin kome ba. Amma sai na ji wani abu ya taso mini, na ce yau sai na nuna wa yaron nan. Alkawarin da na yi a gida ya fita kaina sarai. Na bi shi mu ka hau tudun Hailwood, na ƙudura ba zan taɓa birki ba sai ya taɓa. Ya taɓa, na taɓa, amma shi ya san babur ɗinsa, ni kuwa na wuce wurin da na saba da kamar tsawon mota uku. Druids ta taso mini. Maimakon in dubi mafita yadda a ka koya mini da safe, sai idona ya kafe a kan tsakuwar da a ka shimfiɗa bayan kwanar. Inda ido ya je kuwa, nan babur ya je.

Na shiga tsakuwa a miƙe. An zuba ta da zurfi don ta shanye gudu, ta kuwa shanye, tayar gaba ta nutse, babur ya watsar da ni ta dama, na faɗi bisa kafaɗa na mirgina sau biyu. Na kwanta ina kallon sama, ina motsa yatsun ƙafa ɗaya ɗaya. Kafin in tashi zaune masu tsaron fili biyu sun iso, ɗaya ya kashe injin, ɗaya ya ce kada in cire hula tukuna. Na ga rawayar tuta tana kaɗawa, sa'an nan ja. Watau saboda ni kaɗai an tsai da mutum fiye da 30, kowa ya yi hasarar mintocin da ya biya kuɗinsu. A ka sa ni a motar asibiti a ka kai ni wurin likitan filin, ya haska idona, ya tambaye ni ranar mako da sunan wurin da na ke, ya murɗa kafaɗar. Ya ce ba karaya, kaina kuma bai bugu ba, sai dai gobe zan san na faɗi. Fatar rigar ta kurje a kafaɗa da gwiwar hannu, tawa fatar kuwa ko ƙwarzane babu.

Na komo rumfa ina sunkuyar da kai, ina jiran dariya ko faɗa. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Dattijon nan na tarar ya riga ya fara kakkaɓe tsakuwa daga babur. Hannun birki ya karye, fitilar kwana ta fashe, tanki ya lotsa. Wani mai irin babur ɗina ya buɗe akwatinsa ya ba ni hannun birki, ya ƙi karɓar kuɗi. Saurayin jan babur ya zo ya tambayi lafiyata, ashe bai ma san ina binsa ba. Wannan ta fi faɗuwar zafi: na kusa karya wuyana a gasar da abokin gasar bai san ana yi ba. Malamin tuƙi ya tambaye ni abu guda, “Ina ka ke kallo?” Na ce tsakuwa. Ya ce, “To, ka riga ka sani. In likita ya yarda, an kuma duba babur, ka fita hawan ƙarshe, ka bi a hankali, kada ka kai tsoron nan gida.” Na fita, na zauna a bayan kowa, ban wuce ko mutum ɗaya ba. Wannan minti 20 shi ne tuƙi mafi kyau da na taɓa yi a raina.

A hanyar komowa gida na yi ta tunanin abu ɗaya. Kuskuren da na yi, da a titi na yi shi, a wurin tsakuwar nan me zan tarar? Bishiya, ko kwalbati, ko babbar mota. Ba mai tuta da zai tsai da na baya, ba likita sai an nemo. Tudun nan da na hau ina haukata, sunan Mike Hailwood ya ke ɗauke da shi, wanda ya zama zakaran duniya a babur sau 9, ya kuma ci tseren tsibirin Man sau 14, tseren da ya ci rayukan mutane da yawa. Duk wannan ya fita lafiya. A watan Maris na 1981 ya ɗauki 'ya'yansa biyu a mota za su sayo abincin dare kusa da gida, wata babbar mota ta karya kwana inda bai kamata ba, su ka yi karo. 'Yarsa ta mutu nan take, shi kuma bayan kwana biyu. In titi bai bar Hailwood ba, wane ne ƙanenka, Malam, wane ne ni?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a kan hanyoyi. Mu kuwa mun tuna sa'ad da a ka tilasta sa hular kwano a Nijeriya ran 1 ga Janairu 2009, yadda waɗansu su ka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. An yi dariya a lokacin, amma ƙwarya ba ta ruɗin kwalta. Mun kuma san abin da a ke yi ran ɗaurin aure, samari su jeru suna tashi tsaye bisa babur, suna kwanciya, cikin taron mata da yara, sau nawa gidan biki ya koma gidan makoki?

Ban ce a hana yaro son gudu ba, don ba shi hanuwa, ni mai shekara talatin da 'yan kai ga yadda ta kaya da ni. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa su ka ware wa doki filin sukuwa, ba su ce a yi ta a tsakiyar kasuwa ba. Ina roƙon masu iko da masu hali su dubi wannan, ko da fili ne kewayayye a bayan gari, a sa masa doka da mai tuta da motar asibiti, wanda ba shi da hula kada ya shiga. Kafin a sami haka, Malam, ka gaya wa ƙanenka abu uku daga bakin wanda ya sha ƙasa. Ya sayi hular kwano ta gaske ya ɗaure igiyarta. Ya dubi inda ya ke so ya je. In wani ya wuce shi, ya bar shi ya tafi, mai yiwuwa ne ma bai san da shi ba. Iya ruwa fid da kai.

Saura labarin gida. Na so in ɓoye, amma tanki lotsattse ba shi ɓoyuwa, balle mutumin da ya kasa ɗaga hannu ya cire riga. Na faɗa mata duka, har da jan babur. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “Maigida, faɗuwar ban ji zafinta ba kamar alkawarin.” Ban sami amsa ba. Gyaran babur da rigar fata ya cinye kuɗin da mu ka tara don sayen injin wanki, ta yi wata uku tana tuna mini da haka ba tare da ta buɗe baki ba. Na sake komawa filin sau biyu bayan wannan, da saninta, har yanzu kuwa ina cikin 'yan koyo, ban kuma ji kunyar haka ba.

Iyakar maganata ke nan.  Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.

Naku,
Akawu Mai Babur, Landan.